Zuwa ga Uwata, mai jego



Uwata, barka da arziki, sannu da wuya. Allah ya raya mana, ya sa mai jin ƙanmu ne.

Mai gidanki ya kira Abbanki ya ce an yi miki aiki an ciro yaro, kuna lafiya. Sai ƙanwarki ta tsegunta mini cewa kin kwana kina kuka, wai nono bai zo ba, wai kuma wata 'yar barka ta ce wadda aka yi wa aiki ba ta san zafin ɗa ba. Shi ya sa na rubuto, don a waya bakina nauyi zai yi.

Ki bar mai magana da maganarta. Wata tara yana kwance a cikinki, ya san muryarki tun bai fito ba. Wuƙar likita ba ta kai nan ba.

Batun nono kuwa, jikinki ya fara haɗa dakashi tun ciki yana tsakiya. Abin da ke buɗe wa nono mai yawa hanya shi ne fitar mabiyiya, ita kuwa ta fita ko ta wace hanya aka haihu. Yakan kawo tsakanin kwana 2 zuwa 4, mai aiki takan ɗan ƙara jinkiri. Galibi abin da ke jawo jinkirin ciwo ne da gajiya, da kuma ɗauke jariri a kai shi nesa da uwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a sa shi a nono cikin awar farko. In wannan awar ta wuce ki kina ɗakin tiyata, ba komai, yanzu ma lokaci ne. Ki tuɓe masa riga, ki kwantar da shi a ƙirjinki, fata ta taɓa fata, ku lulluɓa da zane. Tsotsonsa ke kiran nono, don haka ki ba shi sau 8 zuwa 12 a yini da kwana. Ki kwanta ta gefe, ko ki riƙe shi ta ƙarƙashin hammata da matashi, kada ya danne ɗinkin. Ki sha maganin ciwon da aka rubuta miki, jarumtar banza ba ta da lada.

Dakashin nan mai kauri, kakanninki matse shi suke yi su zubar, su ce ƙazanta ce. Allah ya jiƙansu, amma kada ki yarda. Shi ne rigakafinsa na farko, kuma ranar farko cokalin shayi ɗaya ko biyu ya ishi tumbinsa a sha guda. Ruwa ma kada a ɗura masa sai ya cika wata 6. In surukarki ta matsa, ki tura mijinki ya yi mata bayani cikin ladabi.

Saura abin da na fi so in faɗa. Ke ce 'yar farina. Da kaina na haife ki, a ɗaki, gaban ungozoma, amma kunya ta hana ni ɗaukarki a gaban mutane, har yau ban taɓa kiran sunanki ba. Sai dare ya yi nake jawo ki in yi ta kallonki. Haka zamaninmu ya tarar. Ke kam ki rage kunyar nan, ki dubi idon ɗanki, ki yi masa hira ko da ɗakin cike yake. In kuma kin ji son bai sauko miki gaba ɗaya ba, kada ki zargi kanki, wasu uwaye a hankali yake shigarsu. Amma in kuka da ƙuncin rai suka wuce mako 2, ko zazzaɓi ya kama ki, ko ɗinkin ya fara ruwa, ki koma asibiti ba jira.

Ina nan tafe kafin suna, in Allah ya yarda. Kada kowa ya kusanci cikin nan da ruwan zafi sai likita ya duba ɗinkin. Ki gaishe da surukarki da mai gidan.

Ummanki.