Malam da Kujerar Tsohuwar Motarsa

Direban motar wannan zamani in ya ga kujerarsa ta yi masa ƙasa, abin da zai yi bai wuce ya ja wani ɗan hannu a gefenta ko ya danna maɓalli ba, sai ta taso da shi inda yake so. Motocin da kuwa ba haka aka ƙera yawancinsu ba. Maƙeran sun auna jikin mutum matsakaici na ƙasarsu, suka kafa kujera daidai da shi, suka bar mata hanyar matsawa gaba da baya da ta kishingiɗar da majingina, shi ke nan. Wanda Allah ya yi gajere sai ya nemi dabararsa. Abin da ya sa ke nan matashin kai a kujerar direba ya zama ruwan dare a tashoshin mota, har ba wanda ke ɗaukarsa abin magana.

A Zariya akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda wannan ƙaramar magana ta kusa raba shi da motarsa. Motar Volkswagen ce ƙirar Beetle, mai siffar kunkuru, wadda Yarabawa ke kira Ijapa saboda wannan siffar. Samfurin 1972 ce, watau shekarar da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Ya saye ta hannun wani a Ikko da kuɗin Udoji a 1975, shekarar da aka fara haɗa irinta a Ojo, ya yi aiki da ita can shekara da shekaru, sa'an nan ya taho da ita gida. An daina ƙera irin wannan mota a duniya tun 2003, sa'ad da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a ƙasar Meziko, bayan an yi fiye da miliyan 21. Tasa kuwa ba ta fasa kai shi masallacin Juma'a da gona da gidajen gaisuwa ba.

Wata rana da hantsi yana fitowa daga gida ya ture kurar ɗan garuwa da ke ajiye a bakin ƙofa. Ba wanda ya ji ciwo, jarka biyu ce ta fashe. Amma wurin nan ne jikokinsa ke wasa kullum, saboda haka kafin magariba labari ya kai kunnen 'ya'yansa duka. Babban ɗan ya zo ya durƙusa, ya ce, "Baba, mun yi shawara ne, ko a samo maka direba, ka huta haka nan." Malam ya san ma'anar wannan magana, makulli ake nema cikin ladabi. Ya ce shi idonsa garau yake, likitan ido ya duba shi bai daɗe ba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai da ɗan ya tsaya gaban motar ya dube shi ta gilashi, abin da ya gani shi ne hula da goshi da idanu suna leƙowa ta cikin zoben sitiyari, ba ta bisansa ba.

Abu biyu ne suka haɗu a kan wannan, kuma duka biyun sannu a hankali suka zo, yadda mai su ba zai lura ba. Na farko jikin Malam ne. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yakan lotse in shekaru suka tura, baya ya ɗan ranƙwafa, har mutum ya rasa inci ɗaya ko biyu na tsawonsa, kuma duk daga ƙugu zuwa sama ake cire su, watau daidai wurin da direba ke bukata. Na biyu kujerar ce. A cikin irin wannan mota, ƙarƙashin fata akwai wata shimfiɗa ta zaren ɓawon kwakwa da aka manne da roba, a ƙarƙashinta kuma sifirin. Shimfiɗar nan tana bushewa ta riƙa zuba. Shekaru da dama Hajiya tana share wani jan gari daga ƙasan motar tana cewa ƙurar hunturu ce, ashe kujerar maigidanta ce take kwashewa da tsintsiya.

Beetle kuwa mota ce da ba ta yafe wa wanda ya zauna ƙasa. Injinta a baya yake, gabanta ya gangara kamar doron kunkuru, direba ba ya ganin hancinta. Da 'yan fitilun nan na nuna kwana da ke bisa fukafukan tayoyin gaba yake auna faɗinta. Malam ya daina ganin ta hannun dama tun da daɗewa, da sabo kawai yake tafiya.

Maganin da ya fara yi shi ne na kowa, ya ɗauko matashi ya aza. Ya tashi kuwa, amma ba tashin kirki ba. Matashi ba a ɗaure yake da kujera ba, in an taka birki da ƙarfi sai ya sulale gaba da mai shi. Sa'an nan ita ɗamarar kujera mai maɗauri uku, wadda Nils Bohlin ya ƙirƙiro a kamfanin Volvo a 1959, aka kuma fara tilasta ɗaura ta a Nijeriya a 2003, an yi ta ne domin ta kama ƙashin ƙugu. In abin da ke ƙarƙashin mutum mai laushi ne, ranar da aka yi karo sai ya nutse, ɗamarar ta hau cikinsa inda ba ƙashi. Ba hatsari ne ya hana Malam matashin ba, bayansa ne ya yi ƙara cikin mako guda, domin matashin ya ɗaga shi ya bar majingina tana tokare shi inda bai kamata ba.

Daga nan masu shawara suka yi yawa. Wani ya ce a cusa katako ƙarƙashin kujerar. Wani mai walda ya ce shi aikin rabin yini ne, zai yanke ƙafafun kujerar ya ƙara musu inci uku da bututun ƙarfe. Wannan shawara ta fi ta matashi kyan gani, ta kuma fi ta haɗari. Duk nauyin mutum a lokacin karo kan ƙafafun nan yake sauka, kuma gwargwadon tsawonsu gwargwadon ƙarfin da za su finciko gindinsu da shi. Gindin kuwa layuka biyu ne na ƙarfe da aka liƙa a farantin ƙasan motar, farantin da ya sha damina da iskar teku a Ikko. Ana ɗaga tabarmar roba aka tarar tsatsa ta ci gefen layin waje har ana iya huda shi da sukundireba. Da an ɗora dogayen ƙafafu a kan wannan, an yi gini ne bisa toka.

Wanda ya warware maganar wani tsohon bakanike ne, sa'an Malam, wanda ya ƙware a kan motocin nan masu sanyaya inji da iska tun suna yayi. Ya fara da sa aka yanke ruɓaɓɓen farantin aka zuba sabo. Sa'an nan ya nuna layukan ya ce, "Malam, duba da kyau. Waɗannan ba a kwance suke ba, gabansu ya ɗara bayansu. Bajamushen da ya yi ta ya san akwai gajeru. In ka matso da kujera gaba, da kanta za ta hau." Malam ya yi shiru. Ya kusa shekara hamsin da motar, amma tun ranar da ya daidaita kujerar a Ikko bai sake taɓa hannun nan ba, har ƙasa da tsohon giris suka daskare shi. Aka wanke layukan da kalanzir, aka shafa sabon giris, kujera ta motsa.

Matsowa gaba tana da iyakarta. Sitiyarin motar babba ne, faɗinsa ya kusa inci 16, ba ya ɗaguwa ba ya saukuwa, kuma ba jakar iska a cikinsa, don haka ba a son ƙirji ya kusance shi. Mataki biyu kaɗai bakaniken ya yarda a matso. Sauran aikin na mai ɗinkin kushin ne, wanda ya farke fatar, ya musanya sifirin biyu da suka karye, ya shimfiɗa buhu a kansu, ya ɗora soso mai tauri. Nan ma sai da aka yi gardama, domin shi ya so ya cika ta da soso mai laushi don ta yi daɗin zama. Bakaniken ya ƙi, ya ce mai laushi wata uku zai yi ya kwanta.

Sau uku ana ɗora kujerar ana saukewa, Malam yana shiga da babbar rigarsa da hularsa kamar yadda zai fita. Wuri uku ake dubawa, kuma kowanne yana jayayya da ɗan'uwansa. Ido yana son sama. Cinya tana son sarari ƙarƙashin sitiyari, aƙalla tafin hannu ya wuce, don ƙafa ta taso daga totur zuwa birki ba tare da gwiwa ta bugi wani abu ba. Ƙafar hagu kuma tana son ta kai kuloci ƙasa sarai, diddige bai bar ƙasa ba, gwiwa da ɗan lanƙwasa, domin matakan Beetle daga ƙasan motar suka tsiro, ba daga sama suka rayo ba. A gwaji na biyu ido ya ji daɗi, cinya ta maƙale, aka rage rabin inci na soson. Duk abin da aka samu a ƙarshe bai kai inci uku ba.

Babban ɗan bai gamsu da baki ba. Ya jera jarkoki marasa ruwa a bakin ƙofa, guda bayan guda, yana matsowa da su kusa da motar, yana tambaya, "Baba, wannan fa?" Malam ya ga duka sai ta ƙarshe, wadda aka jingina da bamba, da ɗan ya shiga ya zauna shi ma bai gan ta ba. Aka daidaita a kan cewa makulli yana hannun Malam, amma ba zai tuƙa bayan magariba ba, ba kuma zai hau hanyar Kaduna shi kaɗai ba, kuma kafin ya tashi injin sai ya zaga motar da ƙafarsa saboda yara. Sharaɗin Kaduna ne ya fi yi masa nauyi, ya kwana biyu yana tunani kafin ya amsa.