Tafkin Siminti da Saiwar Lissafi

Manomin rani a Gwaram na son a gina masa matarar ruwa mai cin lita 24,000, wato mita kubik 24. Sharaɗinsa shi ne tsawo ya ɗara faɗi da mita ɗaya, zurfi ya gaza faɗi da mita ɗaya. In magini ya yi kirdado, ko a ɓarnatar da siminti, ko ruwa ya ƙare tumatir bai nuna ba.

Ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu zai kira faɗin x, ya rubuta x(x+1)(x−1) = 24, wato x³ − x − 24 = 0. Ba lalube zai yi ba, domin duk cikakkiyar lambar da za ta zama amsa tilas ta raba 24 ba saura. Ya gwada 2, ya sami −18. Ya gwada 3, ya sami sifiri. Faɗi mita 3 ke nan, tsawo 4, zurfi 2. Ragowar, x² + 3x + 8, ba ta da saiwar da igiyar awo za ta iya aunawa.

Sa'a aka taka, don galibi amsar ba ta faɗowa kan cikakkiyar lamba. Umar Khayyam ya warware irin wannan lissafi da zane a ƙarni na 11. Hanyar aljabara kuwa sai a 1545 Cardano ya wallafa ta, bayan ya rantse wa Tartaglia cewa zai ɓoye ta.