Gwiwar Hajiya da Tawa

Shekara uku Hajiyarmu ta yi tana sallah a kan kujera. Matar da ba a sabga a unguwa sai da ita, ciwon gwiwa ya hana ta ko zuwa barka. Man zafi, gashi da ruwan ɗumi, sassaƙe, babu abin da ba mu gwada ba.

Da likitan ƙashi ya duba hoto, sai ya ce guringuntsin gwiwar ya cinye, ƙashi ke gogar ƙashi, sai dai a sauya ta. Nan gida ya rabu biyu. Yaya Babba ya ce sam, ba za a yanka tsohuwa mai shekara 74 ba. Ni ma gabana ya faɗi.

Likitan ya ce shi ba shekaru yake fara dubawa ba. Lafiyar zuciya, hawan jini, ciwon sukari, da ko za ta jure motsa ƙafar bayan aiki, su ne abin lura. Yawancin waɗanda ake yi wa ma sun haura 60.

Ni da na yi rakiya, mai shekara 47, na ce a duba tawa, don ita ma tana ƙara in na hau bene. Ya yi murmushi ya ce, "Ke kam da saura." Gwiwar ƙarfe da roba ce, tana cinyewa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 suna kai shekara 25, amma mai ƙuruciya ta fi ba ta wahala, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya. Aka sallame ni da umarnin rage ƙiba.

Tambaya ɗaya Hajiya ta yi: "Likita, zan kai goshina ƙasa?" Bai yi mata alkawari ba. Ya ce da yawa durƙuso na yi musu wuya ko bayan ciwon ya tafi. Ta yi shiru, can ta ce, "A yi. Ko tsayuwar na samu, alhamdulillahi."

Washegarin aikin aka tsayar da ita da abin dogarawa. Makonnin atisaye kuwa sai da hawaye, har marar tausayi ta kira ni. Yanzu a tsaye take karanta Fatiha, ta yi ruku'u, sannan ta zauna a kujera don sujada. Ni kuwa har yau muna fama da tuwon dare.