Sunan Da Na So A Raɗa Wa 'Yata

Saura wata biyu in haihu muka fara musu da maigidana. Ni ina son in mace ce a sa mata sunan tauraruwar littafina na farko, shi kuwa sunan mahaifiyarsa. Har yajin cin abinci na yi.

Sai na tuna Charles Dickens na Ingila, mai 'ya'ya 10, wanda ya riƙa liƙa wa mazansu sunayen marubuta. Henry Fielding lauya ya zama. Autan, Edward Bulwer Lytton, yana shekara 16 aka tura shi Ostareliya, can ya rasu a 1902 cikin talauci. Sunan bai sa ya rubuta labari ba.

Ni kuwa tauraruwar tawa, 'yan uwa, a shafin ƙarshe kashe ta na yi! Jikina ya yi sanyi. Yanzu Ummi muke kiran yarinyar.