Wa Ya Rubuta? Daga Littafin Magatakardan Wata Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo a Kano

Asabar

Yau darakta ya karanta sunayen waɗanda za su fito a Uwar Gulma, wasan Mohammed Sada da muke shirin nunawa bayan Sallah. Rol ɗin Hayatu ya faɗa hannun wanda kowa ya zata, na Halima ma haka. Saura aka rarraba musu ƙananan rol, masu shigowa su yi sallama su fita. Ba wanda ya ce uffan. Muka mayar da bencina yadda muka same su, don hedimastan makarantar da muke bita a cikinta ba ya son ya zo ran Litinin ya tarar da ajinsa a hargitse, aka shafa fatiha aka watse kafin magariba.

Wajen sha ɗayan dare waya ta dame ni da ƙara. Wani ya yi rubutu a zaurenmu na Facebook ta hanyar nan da ake sakaya suna. Ya ce ƙungiyar nan ta 'yan tsiraru ce, saura 'yan amshin shata ne. Ya ce kuɗin wata kowa ke biya, amma rol a teburin mai shayi ake raba shi, ba a aji ba. Sannan ya rufe da layi guda a kan yarinyar da aka bai wa Halima, wai kowa ya san dalilin da ya sa kullum ita ake ba. Da na kai wannan layin na ajiye wayar na yi salati.

Lahadi

Tun asuba ake tafkawa. Abin da ya ba ni mamaki, da wuya ka ga wanda ya ce maganar ƙarya ce ko gaskiya ce. Kowa tambaya ɗaya yake yi: wane ne? Jama'a duk sun koma 'yan sandan ciki. Wani ya ce mai rubutun ba ya sa ƙugiya a ƙa da ɗa, saboda haka wane ne, kamar ba rabin Kano haka suke rubutu a waya ba. Wata ta ce salon na mata ne. Kafin azahar an rataya wa mutum uku laifin, har ɗaya daga cikinsu, yaron da ke ɗauko mana janareta, ya turo murya yana rantsuwa da Alƙur'ani, muryarsa na rawa.

Abin da ba su sani ba, Facebook ba ya ɓoye sunan ga mai kula da zauren. 'Yan zaure ne kawai ba sa gani. Ni ne mai kula da shi tun da wanda ya buɗe ya koma Abuja ya bar mini, saboda haka sunan yana gabana tun daren jiya. Ko a littafin nan ba zan rubuta shi ba, yarana suna buɗe shi neman farar takarda.

Na goge layin da ya shafi yarinyar ta hanyar sauke rubutun gaba ɗaya, amma an riga an ɗauki hotonsa, yana yawo a WhatsApp.

Litinin

Darakta ya same ni a shago bayan la'asar. Ɗansa ya gaya masa cewa admin na ganin suna. Bai zauna ba sai da na matsa, bai kuma taɓa ruwan da na ajiye masa ba.

"Malam Sakatare, ashe ka sani ka bar mu muna ta lalube?"

Na ce, "Yallaɓai, na sani. Amma in na faɗa, me za a yi masa?"

Ya ce ba komai, magana kawai za a yi. Ni da shi duk mun san ba haka ba ne. Mutumin nan shekara da shekaru yana ɗaukar nauyin ƙungiyar nan daga aljihunsa, shi ke sayen fetur, shi ke lallashin hedimasta, ranar da aka yi mana ruwa a filin wasa shi ya biya kuɗin lasifikar da ta ƙone. Yanzu a ce masa shugaban 'yan sanayya, a gaban yaran da ya koya wa yadda ake tsayuwa a dandamali. Na fahimci zafin. Duk da haka na ce ya yi haƙuri. Ya tashi ya ce Allah ya ba mu alheri, irin wadda ake faɗa ba don addu'a ba.

Talata

Daren jiya na ɗauko tsofaffin rajistocin ƙungiya na bi wasanninmu ɗaya bayan ɗaya. Sunayen nan dai su ne ke juyawa a manyan rol. Wanda ya yi miji bana shi ne alƙali bara, shi ne sarki bara waccan. Mai rubutun bai yi ƙarya a nan ba.

Inda ya kuskure shi ne zaton cewa zama aka yi aka ƙulla. Na san teburin mai shayin nan, ina zama a wurin. Ba wanda ya taɓa cewa mu hana wane. Ana tashi daga bita, mata su kama hanya, don ba gidan da zai lamunci 'yarsa ta kai isha'i a waje saboda wasan kwaikwayo. Samarin da ke zuwa daga Rijiyar Zaki da Hotoro da Sheka su ma su yi gaba, don tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 abin hawa ya zama lissafi, da aka zo kuma a 2022 aka hana 'yan adaidaita sahu aiki daga goman dare, sai kowa ya saba da guduwa gida da wuri. Wa ya rage? Mu 'yan unguwa da masu babur ɗin kansu. Sai a zauna ana shan shayi, darakta ya ce, wai ni wa kuke ganin zai iya Hayatu? A ambaci wanda ke zaune a wurin yana tura burodi. Shi ke nan an gama. Ran Asabar a zo aji a karanta wa mutane abin da aka yanke ba sa nan.

Darakta kuma yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Ka ba sabon yaro babban rol, saura mako biyu ya ce an tura shi kasuwar Dawanau. Ka ba yarinya, a sa ranarta, angon ya ce bai san zancen ba. Wanda ya taɓa ƙonewa haka dole ya riƙe waɗanda ya tabbatar za su zo. Sai dai wanda ba a taɓa gwadawa ba, ta yaya za a san zai zo?

Akwai kuma abin da ba a faɗa. Yaran nan ba don nishaɗi kawai suke zuwa ba. Kowa ya san Tumbin Giwa ƙungiyar wasan kwaikwayo ce kamar tamu kafin ta yi Turmin Danya a 1990, kuma daga irin waɗannan ƙungiyoyi harkar fim ta Kano ta tashi. Duk yaron da ke share ajin nan yana ganin wata rana wani furodusa zai zo kallo. A masana'antar ma ya ji yadda ake cewa wane yaron wane ne. To in a nan ƙasa ma sai da ubangida, ina zai sa kansa?

Laraba

Abin da nake tsoro ya faru. Hoton rubutun ya isa gidan su yarinyar. Yayanta ya zo har makaranta, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, ya ce daga yau ba ita ba wasa. Yarinyar da ta fi kowa zuwa a kan lokaci, wadda ta haddace nata da na abokin fitowarta. Shekara guda mahaifiyarta ta yi tana roƙon mahaifin kafin ya bari, layi ɗaya ya rushe.

Ma'aji ya ce a kai maganar ga 'yan sanda su tilasta ni. Wani ɗalibin lauya da ke cikinmu ya ce sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi ta kama mutane da shi, an yi masa gyara a 2024 an taƙaita shi, ƙorafi kan rabon rol ba ya ciki. Amma ya ce maganar yarinyar daban ce, ɓata suna ne, kuma a Kano da ke da kotunan shari'a tana iya kusantar ƙazafi, wanda haddinsa bulala tamanin ne. Ajin ya yi tsit. Ba a yi bita ba.

Alhamis

Na kira mai rubutun, muka haɗu nesa da unguwa. Da ya gane na sani, sai da ya dafa bango.

Na ce, "Ƙanena, me ya hana ka faɗa a taro?"

Ya ce, "Yaya, ni wa? In miƙe a gaban Yallaɓai in ce bai yi adalci ba? Sa'an babana ne fa. Ko bai kore ni ba, kowa zai ce ba ni da tarbiyya."

Gaskiyarsa. Mun tashi a inda yaro ba ya ɗaga ido ya kalli babba, balle ya ce masa ka yi son kai. Shi ya sa tun da can aka bar wa na ƙasa wata kafa. In azumi ya kai goma yara su fito tashe, su manna gemun auduga, su sa tsumma, su kwaikwayi malam da mai gida da gwauro, manya na dariya suna ba da sadaka. Sai dai mai tashe a unguwarsu yake yi, kowa ya san ɗan gidan wane ne a bayan gemun, in ya wuce gona da iri kafin ya isa gida labari ya riga shi. Wannan sanin ne ke riƙe masa harshe. Na Facebook ya ɗauka ba mai ganinsa, sai ya faɗi gaskiyar da ke cinsa, ya ɗora mata ƙaryar da bai isa ya faɗa da fuskarsa ba.

Na tambaye shi ko ya ga wani abu tsakanin yarinyar da wani. Ya ce bai ga komai ba, haushi ne. Na ce sunansa ba zai fita daga bakina ba, amma haƙƙin yarinyar nan yana wuyansa, kuma ba ni zan sauke masa ba. Ya yi ta kallon ƙasa.

Juma'a

Bayan masallaci na je gaida Baba, wanda ya fi kowa daɗewa a ƙungiyar, tun zamanin da ake sauraron Samanja a rediyo. Na zayyana masa komai ban da sunan. Bai tambaya ba. Ya ce in kira taro gobe.

Asabar

Aji ya cika, har waɗanda suka daina zuwa. Baba ya fara da Suratul Hujurat, ya ce ayar da ta hana giba ita ce dai ta hana mummunan zato da bin diddigin mutane, saboda haka wanda ya yi rubutu ya yi laifi, masu farautarsa ma su duba kansu, kuma a nemi gafarar yaron janareta yanzu a gaban kowa. Aka nema. Ma'aji ya yi nasa da ƙyar.

Sannan ya juya ga darakta. Ya ba da labarin yadda malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Michael Etherton, suka riƙa fita da ɗalibai ƙauyukan Zariya irin su Soba a ƙarshen shekarun 1970, ana haɗa wasa da manoma a kan matsalarsu, wanda bai taɓa hawa dandamali ba a ce ya shigo ya gwada. Ya ce in manomin Soba ya iya, ɗan Hotoro ma zai iya. Darakta ya yi shiru can, ya ce shi bai taɓa nufin ware kowa ba. Wata daga baya ta ce, "Yallaɓai, mun sani, amma mu ba ma shan shayin." Aka fashe da dariya, har shi.

An yanke cewa duk babban rol sai an yi gwaji a aji, da rana, kowa na gani. Ma'aji ya kawo shawarar a rufe hanyar sakaya suna a zauren. Na ƙi, Baba ya goya mini baya, da sharaɗin duk rubutun da ya taɓa mutuncin wani zan sauke shi nan take. Na kuma sanar da kowa cewa ina ganin sunaye. Na lura da fuskoki biyu-uku da suka canza.

Lahadi

An yi gwajin Hayatu. Samari da yawa sun fito, har mai rubutun. Ya yi ƙoƙari, amma muryarsa ba ta kai bencin baya, kuma wanda aka bai wa tun farko ya fi shi nesa ba kusa ba. Shi aka sake ba, wannan karon ba wanda ya yi gunaguni. Wani yaro daga Sheka da ban taɓa jin ya yi doguwar magana ba ya ba kowa mamaki, an sa shi mataimaki.

Ba a gwada Halima ba, matan sun ce ba mai karɓar rol ɗin wata a kan ƙarya. Da yamma ni da Baba muka je gidan su yarinyar. Mahaifinta ya karɓe mu da mutunci, ya ce zai bar ta ta dawo ranar da wanda ya yi maganar ya janye ta da sunansa, a inda ya yi ta. Na isar wa mai rubutun saƙon. Ya karanta, bai ba da amsa ba, kuma ran Laraba za mu biya kuɗin filin wasa.