Wasiƙar Auta

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta masu ƙanne a gida. Yau labarin wani abu da ya faru a gidanmu da ke Ƙofar Durbi, cikin birnin Katsina, nake son ba ku, ko Allah ya sa wata ta tsinci abin amfani a ciki.

A shekarar 1994 ne, ina aji huɗu a sakandare, aure ya mutu tsakanin Babanmu da abokiyar zaman mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ta koma gidan iyayenta a Jibiya, ta bar 'yarta mai shekara takwas, autar gidanmu, a hannun Mamanmu. Tun daga ranar Auta ta yi tsit kamar ruwa ya cinye ta. Ba wasa, ba surutu, sai zaman tagumi a zaure.

Da aka yi hutu ta kawo sakamakon aji uku, ta zo kusa da na ƙarshe. Malaminsu ya rubuta cewa tana kwafe abin da ke kan allo tsaf, amma ba ta iya haɗa jimla ɗaya da kanta ba. Ran Baba ya ɓaci. Ya ce, "A garin da aka buɗe kwaleji tun 1922, garin da Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja yana malamin Midil, a ce 'yata ta shekara uku a makaranta ba ta san komai ba? In ba ta da kai, a ɗora mata talla!" Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah a bar min ita hutun nan kawai." Ya ce, "Ga ki ga ta."

Ba zan ɓoye muku ba, da farko ni ma ɓarna na yi. Na ɗauko littafin Ka Koyi Karatu, na aje tsumagiya a gefe, ina karanta mata ina cewa ta rubuta. In ta yi kuskure in daka mata tsawa, hannunta ya hau rawa, hawaye ya jiƙa takarda. Sati guda muka ɓata a haka. Rannan Mama tana tankaɗe ta dube ni ta ce, "Ke, yarinyar nan ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba, uwa ta rasa. Ki bi ta a sannu." Wallahi sai kunya ta kama ni.

Washegari na yar da tsumagiyar, na ɗebo gawayi a madafi, muka zauna a simintin tsakar gida. Na ce, "Auta, me kika karya da shi?" Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Na sha koko." Na rubuta hakan da manyan baƙaƙe a ƙasa, na bi kalmomin da yatsa ina karantawa. Ta ƙura ido ta ce, "Yaya, maganata ce wannan?" Na ce ita ce kuwa. Ashe duk shekarun nan a zatonta rubutu wani abu ne na malamai da littafi, ba ta san abin da ke bakinta ma yana rubutuwa ba.

Daga nan sai muka riƙa canza kalma ɗaya. Na goge koko, ta sa fura. Ta goge fura, ta sa ruwa. Kafin la'asar ta rubuta "Mama ta sha fura" da kanta. Na nuna mata ta riƙa aje yatsa tsakanin kalma da kalma don kada su manne, ta fara da babban baƙi, ta rufe da ɗigo. Kuskure ɗaya tak nake gyara mata a rana, sauran in kau da kai. Masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, su suka fi ba ta wuya. Ran da ta so rubuta "Mun yi baƙi" ta rubuta "Mun yi baki", na karanta mata yadda ta rubuta, ta tuntsire da dariya. Rabon da a ji dariyarta a gidan nan tun tafiyar Inna.

A sati na uku sai ta ce, "Yaya, in na rubuta, Inna za ta ji?" Lokacin babu wayar hannu, sai a 2001 ta shigo ƙasar nan. Na yago mata takarda na ba ta fensir, na ja bakina na yi shiru. Ta fi awa tana gogewa tana sakewa. Ga abin da ta rubuta: "Inna ina kwana. Na iya rubutu. Ina cin abinci. Ki zo ki gan ni."

Da dare na kai wa Baba, gabana na faɗuwa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya daɗe bai ce uffan ba. Da safe shi da kansa ya kai takardar tasha ya ba direban Jibiya. Aure dai bai komu ba, amma da Sallah Inna ta zo ta wuni da 'yarta, maganar talla kuwa ba a sake tayar da ita ba.

Saboda haka 'yar uwa, in kina da ƙane ko ƙanwa da ake ce wa daƙiƙi, kada ki yi saurin yarda. Ki zauna kusa da shi, ki tambaye shi me ya ci, wa yake so, me ya gani a hanya, ki rubuta masa maganarsa ya gani da idonsa. Gawayi da haƙuri sun isa. Allah ya raya mana su, ya sa mu ga amfaninsu.