Ɗakin Wasan Ƙwallo da Ya Zama Majalisa

Duk wanda sari ya kai shi Paris, in ya samu rabin yini, ya hau jirgin ƙasa na RER C zuwa Bersay, garin da Faransawa ke rubutawa Versailles. Jama'a fadar sarki suke nufa. Ni kuwa na bi wani lungu a unguwar Saint-Louis, inda wani tsohon ɗakin wasan ƙwallo yake, dogo, tagoginsa can sama. Akwai gunkin Bailly da sunayen wakilai a jikin bango.

Bashi ne ya haifar da labarin. Baitulmali ya bushe, sai Sarki Luwi na 16 ya kira taron rukunoni uku a ranar 5 ga Mayu 1789: malaman coci, 'yan sarauta, da sauran jama'a. Rabon da a yi irin wannan taro tun 1614. Rukuni na ukun, lauyoyi da 'yan kasuwa da makamantansu, sun kai kusan 600, rabin taron ke nan. Amma a tsohuwar al'ada kowane rukuni ƙuri'a ɗaya gare shi, wato biyun can su haɗa kai su kayar da masu biyan haraji. Suka ce ba za ta saɓu ba. Ranar 17 ga Yuni suka kira kansu Assemblée nationale, sunan da muke ji a Yamai da Yawunde da Njamena. Kwana uku bayan haka suka tarar an kulle musu zaure, suka taho nan, suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai ƙasa ta samu tsarin mulki. Mutum ɗaya, Martin-Dauch, ya ƙi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne takardun koke da garuruwa suka aiko. A ciki akwai kuka kan harajin gishiri da kuɗin shinge da ake karɓa a cikin ƙasa ɗaya, daga lardi zuwa lardi. Wanda ya taɓa raka mota daga Kwatano zuwa Maraɗi ba sai an yi masa bayani ba. A 1790 majalisar ta soke harajin gishiri, ta kuma mayar da kwastan bakin iyaka. Na gishirin dai bai daɗe ba: Napoleon ya sake ɗora shi a 1806.